Safar Matse Ƙafa: Taimako ga Masu Ciwon Ƙafa da Kumburin Jijiya

'Yan'uwa, yawancin aikinmu a ƙasar Ikara, Makarfi da Kudan a tsaye ake yin sa. Mai dafa mazarƙwaila yakan wuni a bakin wuta, mai tallar tumatir tana tsaye tun safe, haka malamin makaranta a gaban allo. Da yamma sai ka ji ana kukan ƙafa ta yi nauyi, tana zafi, idon sawu ya kumbura. Wasu kuma jijiyoyi ne suka fito musu ɓaro-ɓaro a sha-raɓa, sun murɗe kamar igiya. Wannan ba sammu ba ne, ba kuma wani abu aka taka ba. Ciwo ne da aka san dalilinsa.

Me ke kawo shi?

Jinin da zuciya ta tura zuwa ƙafa dole ya sāke hawowa sama. Naman sha-raɓa ne ke tura shi duk lokacin da muka taka. A cikin jijiyoyin akwai 'yan ƙananan ƙofofi masu buɗewa sama kaɗai. Masu noman rani sun san bawul ɗin da ke bakin tiyon injin ban-ruwa: in ya lalace, ruwa sai ya koma rafi. Haka nan in ƙofofin nan suka yi rauni, jini sai ya koma ƙasa ya taru, jijiya ta buɗe ta kumbura. Gado, yawan shekaru, juna biyu, ƙiba da doguwar tsayuwa ko zama wuri ɗaya duk suna ƙara kawo shi.

Yadda safar take aiki

Safar matse ƙafa dabam take da safar sanyi ko ta 'yan ƙwallo. An saƙa ta yadda za ta fi matsewa a idon sawu, tana sassautawa yayin da take hawa zuwa gwiwa. Da haka take taimakon jini ya hau sama. Ƙarfinta hawa-hawa ne, ana rubuta shi a jikin kwali. A ma'aunin Ingila, aji na 1 shi ne 14 zuwa 17 mmHg, aji na 2 kuwa 18 zuwa 24, aji na 3 kuma 25 zuwa 35. Ma'aikacin lafiya ne zai zaɓa maka ajin da ya dace.

Mu gane abu ɗaya: safar tana rage zafi, nauyi da kumburi, amma ba ta mayar da jijiyar da ta riga ta lalace. In ciwon ya yi tsanani, akwai aikin da likita ke yi na toshe jijiyar ko cire ta. Ga mace mai ciki kuwa, safar ita ce abin da aka fi ba da shawara, domin sau da yawa jijiyoyin sukan lafa bayan haihuwa.

Ba kowa ne zai sa ba

Kada ka saya don ka ga ta yi wa maƙwabcinka amfani. Ga wanda jini ba ya isa ƙafarsa sosai, matsewa tana iya kashe yatsu. Je asibiti a duba ka tukuna idan:
- kana da ciwon suga, musamman in ƙafarka ba ta jin taɓi sosai;
- sha-raɓarka tana ciwo in ka yi tafiya, ta daina in ka tsaya;
- ƙafarka tana sanyi ko ta canja launi;
- kana da ciwon zuciya, gyambo, ko ƙuraje masu ruwa.

Ana iya fara tambaya a babban asibitin Ikara ko na Makarfi. In abin ya fi ƙarfinsu, za su tura ka Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika.

Yadda ake amfani da ita

1. A auna kaurin idon sawu, kaurin sha-raɓa da tsawo daga diddige zuwa ƙasan gwiwa. Da safe ake awon, kafin ƙafa ta kumbura.
2. Sa ta da sassafe, ka cire in za ka kwanta da dare.
3. Juya ta ciki-waje har zuwa diddige, sa tafin ƙafa, sannan ka ja ta sama a hankali. Kada ka bar ta ta tattare.
4. Kada ka naɗe bakinta. Naɗin zai ɗaure ƙafar kamar igiya.
5. Wanke ta da hannu da sabulu marar ƙarfi, ka shanya a inuwa, nesa da murhu.
6. Lokacin hunturu shafa mai da dare bayan ka cire, domin mai yana lalata robar.
7. Bayan wata 3 zuwa 6 ƙarfinta yakan ragu. Saboda haka ta gwanjo asarar kuɗi ce.

In yatsu suka yi sanyi, suka mutu, ko zafi ya ƙaru, cire ta nan take ka nemi ma'aikacin lafiya.

In babu kuɗin saye fa?

Akwai abin yi kyauta. In aiki ya tsayar da kai, riƙa ɗaga diddige kana saukewa, ka ɗan zagaya. In ka huta, kwanta ka ɗora ƙafafu a kan matashi su fi ƙirji tsawo. Kada a ɗaure ƙafa da tsumma ko robar tayar keke. Kada kuma a bar wanzami ya yi tsaga ko ƙaho a kan jijiyar, gama jini zai zuba da yawa, wurin kuma yana iya zama gyambo.

In jijiya ta fashe, a kwantar da mutum, a ɗaga ƙafar sama, a danne wurin da tsabtataccen ƙyalle, a kai shi asibiti. In ƙafa ɗaya ta kumbura farat ɗaya da zafi, kada a murza ta. Wataƙila jini ne ya daskare a ciki, yana kuma iya tafiya huhu ya yi kisa. A tafi asibiti a ranar.

Muna roƙon shugabannin zumuntar mata da na matasa su karanta wa waɗanda ba su iya karatu ba wannan bayani, musamman tsofaffi da masu juna biyu.