Hanyar Ƙauye: Wa Ke Da Alhakin Gyaranta?

Kowane manomi ya sani aiki bai ƙare ba ran da aka sa hatsi a buhu. Sai kaya sun isa kasuwa lafiya, mai kaya kuma ya komo gida lafiya. To, a nan ne hanyar ƙauye ke cin mutane.

Yadda abin yake faruwa ba ɓoyayye ba ne. Ruwan Agusta ya zaizaye gefen kwalbati, ciyawa ta rufe ramin. Ran kasuwa motar da za ta shigo ƙauyen ɗaya ce tak, don direbobi suna tsoron hanyar. Sai a lafta mata buhuna fiye da ƙarfinta, mutane su hau bisa kayan. Ƙafa ɗaya ta zurma, mota ta kife, buhunan da aka yi wata biyar ana wahalarsu su danne masu su. Asibiti kuwa yana da nisa, kuma ta wannan hanyar dai za a bi a kai wanda ya ji ciwo.

Mutane sukan ce laifin Gwamnati ne. Amma wace Gwamnati? Hanyoyin Nijeriya kashi uku ne: na Tarayya, da na jiha, da na ƙaramar hukuma. Wajen kashi biyu cikin uku na tsawonsu duka na ƙananan hukumomi ne, su 774, kuma Tsarin Mulki na 1999 su ya ɗora wa gyaran hanyoyinsu da magudanan ruwa. Rabonsu daga asusun Tarayya kuwa kashi 20.6 ne cikin 100, albashi yakan cinye mafi yawansa. Hukumar FERMA da aka kafa a 2002 hanyoyin Tarayya take gyarawa. Ma'aikatan kiyaye haɗari na FRSC, tun kafa su a 1988, galibi a manyan hanyoyi ake ganinsu. Watau wanda ya fi kowa kaya shi ya fi kowa ƙarancin guzuri.

Dattawa suna tuna zamanin En'e, sa'ad da kowane yanki na hanya yake da leburorinsa da hedimaninsu, suna cike ramuka suna yashe lambatu tun ɓarna ba ta yi girma ba. A 1986 aka kafa hukumar DFRRI, ta buɗe hanyoyin burji da yawa a karkara, amma da babu kuɗin gyara na kullum, damuna ta cinye da dama daga cikinsu. Darasin ke nan: yin hanya abu ɗaya ne, riƙonta wani abu ne dabam.

Yanzu an sami ƙofa biyu. A 2020 Bankin Duniya ya yarda da ba da rancen dala miliyan 280 don hanyoyin karkara da kasuwannin amfanin gona a jihohi 13, cikinsu har da Kano, Katsina, Sakkwato, Kebbi da Bauci. Ran 11 ga Yuli, 2024 kuma Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a riƙa biyan ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye, ba ta hannun jihohi ba. Amma rance abin biya ne, hukunci kuma ba ya gina kwalbati da kansa.

Abin da ya kamata shi ne kowace ƙaramar hukuma ta ware kuɗin gyaran hanya dabam cikin kasafinta, ta karanta wa jama'a nawa ne, a kuma yi aikin da rani kafin ruwa ya sauka. Ba kwalta ake roƙo ba tukuna. Kwalbati mai ƙarfi, da lambatu, da alamar gargaɗi a bakin gada da kwana, su ne masu ceton rai, kuma kuɗinsu kaɗan ne.

Manoma da fatake su ma suna da nasu aikin. Ƙungiyarsu ta rubuta wuraren da mota ta taɓa faɗuwa, ta kai wa kansila da dagaci, ta ajiye kwafin takardar. Direbobi kuma su daina ɗora mutane bisa kaya. Hausawa sun ce rigakafi ya fi magani, kuma a bakin kwalbati ne maganar ta fi gaskiya.