Mai Gyaran Bayan Wasu, Wa Zai Gyara Nasa?

Garin Keffi, cikin Jihar Nasarawa, yana kan babbar hanyar da ta tashi daga Abuja zuwa Akwanga. A nan ne Cibiyar Lafiya ta Tarayya take, wadda dā babban asibiti ce kafin Gwamnatin Tarayya ta karɓe ta a shekarar 2000. Irin wannan asibiti ba ya rabo da waɗanda suka karye a haɗarin mota da masu shanyewar ɓarin jiki. Bayan likita ya gama nasa, sai a miƙa su ga ma'aikatan gashi, wato masu motsa gaɓoɓi har majinyaci ya koma bisa ƙafafunsa.

Wannan sana'a ta shigo Nijeriya a 1945, sa'ad da Turawan Ingila biyu suka fara ta a asibitin ƙashi na Igbobi da ke Ikko. Jami'ar Badun kuwa ta soma ba da digiri a kanta a 1966. To, amma abin da jama'a ba su cika lura da shi ba shi ne, masu wannan aiki su ma ciwon jiki na cin su.

A 2008, Adegoke na Jami'ar Badun da abokan aikinsa biyu suka buga binciken da suka yi a kan ma'aikatan gashi 126 na ƙasar nan. Kashi 91 cikin ɗari suka ce sun yi fama da ciwon da aiki ya jawo musu cikin wata 12 da suka wuce. Kusan kashi 70 ƙugu ne ya dame su, kashi 34 kuwa wuya. Rabinsu ciwon ya fara musu ne tun ba su wuce shekara 5 da gama karatu ba. Babban dalilin da suka bayar shi ne yawan majinyata a yini guda. A Ostareliya ma, wani bincike na shekarar 2000 ya nuna ɗaya cikin shida ya sake fanni ko ya bar aikin saboda haka.

Ina ruwan gado da wannan? Gadon katako da kafinta ya buga tsayinsa ɗaya ne, alhali aikin iri-iri ne. In za a danna bayan majinyaci, gadon ƙasa-ƙasa ake so, don ma'aikaci ya sa nauyin jikinsa, hannuwansa a miƙe. In za a taɓa wuya, sai gado ya ɗan tashi. In za a ɗauko mutum daga keken marasa lafiya, sai ya yi daidai da keken. Gadon da ya cika ƙasa yakan sa sunkuyo, nauyi ya taru a ƙugu. Wanda ya cika tsawo kuwa yakan sa a ɗage kafaɗu, ƙarfi ya koma wuyan hannu da babban yatsa. Gado in ya ƙi lanƙwasa, bayan ma'aikaci ne zai lanƙwasa, safe da yamma, shekara da shekaru.

Maganin ba boyayye ba ne. Akwai gadon da ake ɗagawa da saukewa ta hanyar taka wani ƙarfe da ƙafa, ba ruwansa da ɗaukewar lantarki. Inda babu shi, a tanadi gadaje masu tsayi dabam-dabam, da matakala, da kujera. A daina ɗaga majinyaci mai nauyi mutum ɗaya, a kuma ƙayyade yawan waɗanda za a gani a yini.

Hukumomin asibitoci su tuna, araha ba ta ado. Gado ana sayensa rana ɗaya, amma ma'aikacin gashi sai ya shafe shekaru a jami'a kafin a same shi. Ranar da bayansa ya kwantar da shi, majinyatan da ke jiransa a kan benci su ne za su koma gida yadda suka zo.