Jihar Ghari: Samun ɗan gida a kwamitin gyaran tsarin mulki bai isa ba

A cikin shekara biyar kacal, mutumin Madadi da ke Ƙaramar Hukumar Gwarzo ya sauya masarauta sau biyu ba tare da ya matsa daga ƙofar gidansa ba.

A watan Mayun 2019 gwamnatin Abdullahi Umar Ganduje ta ƙirƙiro sabbin masarautu huɗu, Gwarzo da Kabo suka faɗa ƙarƙashin Karaye. Ranar 23 ga Mayun 2024 Gwamna Abba Kabir Yusuf ya sa hannu kan dokar da ta rushe su. Da aka dawo da Karaye bayan wata biyu, a matsayin masarauta mai daraja ta biyu, ƙananan hukumomi biyu kawai aka bar mata: Karaye da Rogo. Gwarzo da Kabo suka koma Kano.

Yanzu kuma maganar da ke yawo a yankin ta fi ta masarauta girma, wato neman jiha.

A watan Fabrairun 2025 Mataimakin Kakakin Majalisar Wakilai, Benjamin Kalu, ya karanta buƙatu 31 na sabbin jihohi, ciki har da Tiga da Ghari daga Kano. Tiga ta mutanen kudu ce, Ghari kuwa 'yan arewacin jihar ne ke fafutukarta. Abin da ke ƙara musu ƙwarin gwiwa a fili yake: shugaban kwamitin gyaran kundin tsarin mulki na Majalisar Dattawa shi ne Sanata Barau Jibrin, ɗan Kabo.

Sai dai sashe na 8 na kundin 1999 bai san ɗan gida ba.

Da farko sai kashi biyu cikin uku na wakilan yankin a Majalisar Dattawa da ta Wakilai da majalisar jiha da kansilolin ƙananan hukumomi sun sa hannu. Daga nan a yi ƙuri'ar raba gardama, kashi biyu cikin uku na jama'ar yankin su amince. Sannan a kai sakamakon gaban sauran jihohi, mafi yawansu su yarda, kafin majalisun tarayya biyu su sake kaɗa ƙuri'a da kashi biyu cikin uku. Kalu da kansa ya ce babu ko ɗaya cikin buƙatun 31 da ta cika sharuɗɗa a lokacin.

Matakin sauran jihohin nan shi ne ƙashin wuya. Kowace sabuwar jiha sanata uku ce, kuma ƙarin baki ne a rabon kuɗin tarayya. Kudu maso Gabas mai jiha biyar ta daɗe tana kukan an tauye ta, alhali Arewa maso Yamma na da bakwai. Da wuya ɗan majalisar Enugu ya ɗaga hannu domin Kano ta haifi biyu. Tun 1963, da aka yanke yankin Midwest, babu gwamnatin farar hula da ta ƙirƙiro jiha. Jigawa ma da aka cire daga Kano a 1991, soja ne ya yi, da sanarwa ɗaya.

Wanda ke ganin goyon bayan manya ya wadatar, ya dubi Kosovo. Ƙasar, wadda mafi yawan mutanenta Musulmi ne, ta ayyana ɓallewa daga Sabiya ranar 17 ga Fabrairun 2008, Amurka da Birtaniya da Faransa suka amince da ita nan take. Ƙasashe fiye da 100 sun bi sahu, har da Nijar a 2011. Amma har yau ba ta da kujera a Majalisar Ɗinkin Duniya saboda Rasha da China. Ta nemi shiga Tarayyar Turai a Disambar 2022, takardar tana nan a ajiye, domin mambobi biyar, ciki har da Sifaniya da Girka, ba su ɗauke ta ƙasa ba. Sifaniya na tsoron yankinta na Kataloniya. Najeriya ma ba ta amince ba, kuma duk wanda ya tuna Biyafara ya san dalili. Ghana kuwa ta amince, a 2019 ta janye, kamar dai labarin Karaye.

Ba ɗaya ba ne, tabbas. Masu neman Ghari ba ɓallewa suke so ba, kuma kokensu na hanya da asibiti da guraben aiki da suka taru a birnin Kano koke ne na gaskiya. Amma a wurare biyun, waɗanda ba abin ya shafa kai tsaye ba su ne ke riƙe da makulli.

Akwai ma tambayar da masu fafutukar ba su cika son a ɗaga ba tun yanzu: idan jihar ta samu, ina babban birninta, Bichi ko Gwarzo ko Ɗambatta?