Gobir Biyu, Wakilci Biyu: Sabon Birni da Tsibiri, 1946 zuwa 1960

Manufar wannan maƙala ita ce bayyana yadda Gobirawa, waɗanda iyakar Turawa ta raba gida biyu, suka sami wakilci iri biyu bayan Yaƙin Duniya na Biyu. Yarjejeniyar Ingila da Faransa ta 1906 ta bar Tsibiri da Maraɗi a hannun Faransa, Sabon Birni da Isa da ƙauyuka irin su Tozai kuwa suka faɗa hannun Ingila.

A shekarar 1946 tsarin mulkin Faransa ya mai da Nijar "yankin ƙetare", wato wani sashe na Jumhuriyar Faransa da teku ta raba da uwar ƙasa. Bisa wannan ne aka zaɓi Jori Hamani ya zauna a Majalisar Dokoki ta birnin Faris, aka kuma kafa majalisar yanki a Yamai. Sai dai kuma wakilcin ragagge ne. A zaɓen majalisar yankin an kasa masu ƙuri'a rukuni biyu, na Faransawa daban, na 'yan ƙasa daban, kuma iko na ainihi yana hannun gwamnan da Faris ta naɗa. Sai da dokar 1956 ta zo sannan aka haɗe rukunonin, kowane baligi, namiji ko mace, ya sami ƙuri'a. A 1957 Jibo Bakari ya zama mataimakin shugaban majalisar gwamnati, gwamna na bisansa.

A ɓangaren Ingila kuwa, ba a taɓa ba Nijeriya kujera a majalisar Landan ba. Hakiman Sabon Birni da Isa suna ƙarƙashin En'e ta Sakkwato, kuma ta hannun En'e-En'e aka fara tura wakilai Majalisar Arewa a Kaduna a 1947. Matan Arewa ba su sami 'yancin ƙuri'a ba sai a 1976.

Duk da wannan bambanci, sarauta ce ginshiƙi a ɓangarorin biyu. A ƙuri'ar raba gardama ta 28 ga Satumba, 1958, Jibo ya nemi a ce "a'a" ga Faransa, amma gwamna ya jawo sarakuna da dama, "i" ta rinjaya. Ke nan kujerar Faris ba ta rage tasirin fada a kan talakan Tsibiri ba, kamar yadda lamarin yake ga ɗan'uwansa na Sabon Birni, har ƙasashen biyu suka sami mulkin kai a 1960.