Ƙurar ma'adinai: ciwon da ke biyo mahaƙi har gida

Cokula da kwanonin nan masu ƙyalli da muke sayarwa a kasuwa, waɗanda ba su yin tsatsa, sinadarin kurom ne ke kare su. Daga wani baƙin dutse mai suna kuromit ake samun shi. Afrika ta Kudu ce kan gaba wajen haƙo shi, akwai kuma Kazakistan, Turkiyya, Indiya da Zimbabuwe, har da tsaunukan Ingasana na ƙasar Sudan.

Masu haƙar kuwa da huhunsu suke biya. Idan ana huda dutsen ko ana niƙa shi a bushe, ƙura tana tashi. Mai kauri tana tsayawa a hanci da maƙogwaro, a kakkaro ta. Wadda ido ba ya gani ita ce ke wucewa har ƙuryar huhu ta zauna, musamman in tana ɗauke da silika, wato garin ƙanƙarar dutse. Sannu a hankali huhu ya yi tabo, ya taurare. Galibi sai bayan shekara 10 zuwa 20 ake ganin tari da haki da rama. Tabon ba ya warkewa, ko mutum ya bar aikin, kuma yana buɗe ma tarin fuka ƙofa.

A 2018, kamfanonin zinariya shida na Afrika ta Kudu sun yarda su biya mahaƙan da ƙura ta illata diyyar rand biliyan 5. Kotu ta amince a 2019.

Mu ma abin ya shafe mu. Tun da aka gano zinariya a Jado a 2014, ƴaƴanmu da mazanmu da yawa sun tafi haƙa, kamar yadda wasu suka daɗe suna yi a Komabangu. Dutsen zinariya cike yake da silika, kuma mai haƙa da hannu ba shi da kamfanin da zai biya shi diyya.

Saboda haka mu gaya musu: a jiƙa dutse da ruwa kafin a daka shi, a sa takunkumin tace ƙura, domin rawani ba ya tare mai laushin. Wanda ya dawo da tarin da ya wuce sati biyu, kada mu tsaya ga maganin tebur. Mu kai shi likita, a duba majinarsa, a ɗauki hoton ƙirjinsa, kuma ya faɗa ma malamin asibiti irin aikin da ya yi.