Ganyaye da 'Ya'yan Itatuwa a Abincin Dabbobi: Amfaninsu da Iyakarsu

Daga watan Janairu zuwa faɗuwar ruwa, ciyawa takan bushe ƙarau a ƙasar Gozaki da Kafur har Malumfashi da Funtuwa. Harawa ta yi tsada, dusa ta yi tsada, ragon da ƙungiya ta ci bashi ta turke sai ya fara ramewa. A wannan lokaci ne masu talla ke yawo kasuwa da ƙunshin garin ganye, suna cewa yana sa ƙiba, yana kashe tsutsa, yana gyara nama. Kafin mu fitar da kuɗin ƙungiya, ya kamata mu san abin da ganye ke iya yi da abin da ba ya iyawa.

Abin da busasshiyar ciyawa ta rasa

A cikin tumbin saniya da tunkiya da akuya akwai ƙananan halittu da ido ba ya gani. Su ne ke narkar da kara da ciyawa. Idan ba su sami furotin ba, watau abincin da ke gina tsoka, aikinsu yakan yi sanyi. Dabba ta cika ciki da karan dawa amma tana ramewa. Babban amfanin ganye shi ne cike wannan giɓi.

Zogale ya fi sauran. Wajen kashi ɗaya cikin huɗu na busasshen ganyensa furotin ne. A shanya shi a inuwa, kada a rana, domin ya riƙe korensa. Gawo kuma itace ne mai hali dabam: yana kakkaɓe ganye da damina, ya yi kore da rani, 'ya'yansa su zubo daidai lokacin da abinci ya yi wuya. Duk wanda ke da gawo a gona, kada ya sare shi.

Masu bauri da masu ɗaci

Bagaruwa tana da bauri mai ƙarfi, wanda majema ke jeme fata da shi. Kaɗan daga irin wannan bauri yana rage ƙarfin tsutsar ciki. Amma in ya yi yawa sai ya ƙulle furotin, ya hana jiki amfana da shi, dabba kuma ta rage ci. Ganyen darbejiya da ɓawon maɗaci, waɗanda makiyaya suka daɗe suna bayarwa, su ma haka suke: ɗacinsu kan hana dabba cin abinci in an zarce, kuma ƙarfinsu ba ɗaya ba ne daga wannan itace zuwa wancan.

Saboda haka a riƙa duba dabba. A janye fatar idonta ta ƙasa. In ciki ja ne, jini lafiya. In ya yi fari, ko ƙarƙashin haɓa ya kumbura, tsutsa ta sha jini da yawa. Wannan ya wuce aikin ganye, a nemi malamin dabbobi ya ba da maganin tsutsa.

Zancen nama

Mahauci yana duba cikar tsoka da kyan kitse, kuma isasshen abinci ne ke kawo su. Akwai wani ƙarin amfani. A shekarar 2013 masu bincike na Jami'ar Fort Hare ta Afirka ta Kudu sun buga sakamakon gwajin da suka yi da awaki. Naman waɗanda aka ƙara wa ganyen zogale ya fi jure wa lalacewar kitse. Haka nan ƙasashen Tarayyar Turai sun hana zuba magungunan kashe ƙwayoyin cuta a abincin dabbobi don sa ƙiba tun 2006, abin da ya sa masana suka ƙara mai da hankali ga tsirrai. Mu ma mu kiyaye: dabbar da aka yi wa allura, kada a yanka ta ko a sayar wa mahauci sai kwanakin da aka rubuta a jikin kwalbar sun cika, domin magani yana saura a cikin nama.

Yadda za mu bayar

Rago mai nauyin kilo 25 zuwa 30 yana cin wajen kilo ɗaya na busasshen abinci a yini. Mu bar harawa da dusa da ƙowa su zama tushen abincin, ganyen zogale ko 'ya'yan gawo su zama kamar kashi ɗaya cikin biyar. A fara da ɗan cikin hannu, a riƙa ƙarawa cikin kwana goma, har tumbi ya saba. A ajiye ruwa mai tsabta da gishiri ko 'yar kanwa. Angurya, wadda ba ta wuya a ƙasar auduga irin tamu, tana da kyau ga manyan shanu da raguna, amma tana cutar da kaji da aladu da ƙananan maruƙa. Ɗanyen ganyen rogo da gyauron dawa suna da dafi, a kiyaye.

Babu ganyen da ke hana annobar awaki da tumaki mai sa majina da zawo, ko annobar da ke share kaji da hunturu. Rigakafi ne maganinsu, irin wanda ake yi a cibiyar binciken cututtukan dabbobi ta Vom. Ƙungiya ta haɗa dabbobinta a yi musu rana ɗaya, ya fi sauƙi.

In mai talla ya kawo ƙunshi, a duba lambar NAFDAC da sunayen abin da ke ciki. In babu, a bar masa kayansa. Kuɗin ya fi amfani a dasa zogale a shingen gona da bakin rijiya da damina mai zuwa. Kowace ƙungiya ta gwada da raguna huɗu masu girma ɗaya, biyu da ganye, biyu babu. A auna su duk bayan mako biyu, magatakarda ya rubuta, a karanta wa jama'a a taron wata.