Abin da ke hana ƙwan LED ƙonewa idan wuta ta yi hawa da sauka

A garuruwan arewacin Kano, daga Bichi zuwa Dambatta, Makoɗa da Kunci, ƙwan lantarki na LED ya kori tsohon ƙwan nan mai zare. Dalilin a fili yake: ƙwai mai wat 9 yana ba da hasken da sai mai wat 60 yake bayarwa a da. Tushen wannan fasaha shi ne shuɗin LED, wanda ya sa Japanawa uku, Akasaki da Amano da Nakamura, suka sami kyautar Nobel a 2014. Sai dai magidanta na kukan cewa wani ƙwan yakan shekara biyu, wani kuma ko wata uku ba ya kaiwa. Bambancin yana ɓoye a gindin ƙwan.

Kowace ƙwayar LED kimanin bolt 3 take buƙata, kuma wuta mai tafiya hanya ɗaya. Wutar kamfanin lantarki na KEDCO kuwa bolt 230 ce a ƙa'ida, tana kai da komo sau 50 a daƙiƙa. Ga shi LED ba ta san ƙoshi ba: matsin wuta ya ɗan ƙaru, abin da take zuƙa sai ya ninka, ta yi zafi, zafin ya ƙara mata zuƙa, har ta ƙone.

Shi ya sa ake sa mata mai tsaro. Wuta na shiga, diyod huɗu za su miƙar da ita, kafasita ta daidaita ta, sannan ta isa wurin wata 'yar baƙar aisi da ba ta kai ƙwayar wake ba. Aikinta kamar na manomin rani ne a madatsar Thomas: ko ruwan kwata ya cika ko ya ragu, shi yana buɗe bakin kwami yana toshewa don shuka ta sha daidai. Aisin tana kunna wuta da kashewa sau dubbai a daƙiƙa, tana cika wani naɗin waya tana barinsa ya juye wa LED. Da wata 'yar razista take auna abin da ke wucewa. Da ya kai iyaka sai ta datse.

Ƙwai mai araha ba shi da wannan naɗi. Aisinsa tana ƙona rarar wutar ne ta zama zafi. Idan wuta ta zo da rauni a ƙauyen da ke ƙarshen layi, sai ya dushe. Idan janareta ya yi sama, sai ya gasu.

Rage haske ma a hannun aisin yake. Makunnin rage haske yana yanke wani ɓangare na kowane zagayen wuta. Aisin da aka yi domin haka tana karanta girman yankan, ta rage abin da take ba LED. Wadda ba a yi ta domin haka ba sai ta yi ta ƙoƙarin cike gurbi, ƙwan ya riƙa ƙiftawa yana tsuwwa. Saboda haka haɗa kowane ƙwai da regiletar fanka don rage haske asara ce.

Babban maƙiyi kuma shi ne zafi. Ƙarin digiri 10 yakan raba kwanan kafasita biyu, ga kuma ƙwai rataye ƙarƙashin kwano a watan Afrilu.

Mai karatu, in ka je kasuwar Dambatta ko Sabon Gari, juya kwalin ka duba. Zaɓi ƙwan da aka rubuta yana ɗaukar bolt 85 zuwa 265, ka rataye shi inda iska ke ratsawa. Hukumar kula da ingancin kaya ta SON kuma ya kamata ta tsananta bincike, domin kuɗin manomi da gumi ake samunsa.